Basarken da Ya Je Masar Koyon Nutso

Tun da na dawo daga Masar bakina bai huta ba. In na sauka bakin ruwa a tare ni, in na fito daga masallaci a tare ni, kuma tambayar ba ta wuce biyu: yaya ƙasar take, sannan wai da gaske ne ni Bala, ɗan Sarkawan Yauri masu kamun kifi, na biya kuɗi aka koya mini shiga ruwa. Da gaske ne. Ga yadda aka yi, don kowa ya ji daga bakin mai ita.

A damunar 2012 ruwa ya yi mana yawa, kwalekwale ya kife da 'yan kasuwa, muka yi kwanaki muna lalube a ƙarƙashin kogi da numfashin ƙirjinmu kawai. Bayan nan wani attajiri ɗan garinmu ya sayo wa ƙungiyar masunta kayan nutso na zamani guda biyu, tulun iska da duk tarkacensa. Aka jibge su a ɗaki, babu wanda ya san ta inda ake farawa. Ni ne mai ɗan boko a cikinmu, ina aiki a sashen kifi na ƙaramar hukuma, kuma ba yabon kai ba, a nutson gargajiya da wuya ka sami wanda ya fi ni daɗewa a ƙasa. Ƙungiya ta haɗa mini guzuri, ofis ya ba ni hutun mako biyu. Ina da ƙane a Alƙahira, Nuhu, ɗan ƙanen mahaifina, shekararsa bakwai yana karatun addini a can. Shi ya ce in zo, masauki kyauta ne, kuma makarantun nutso sun karya farashi tun da baƙi suka ragu a ƙasar.

A watan Maris na 2013 na hau mota zuwa Kano, daga nan jirgi ya ɗauke mu kai tsaye. A filin jirgin Alƙahira jami'in da ke buga fasfo ya tambayi abin da ya kawo ni. Nuhu ya riga ya koya mini kalmar nutso da Larabci, na faɗa masa. Ya dube ni daga hula har babbar riga, ya kira abokin aikinsa, ya sa na maimaita. Suka yi dariyarsu, ya buga mini, ya ce in gaida kifaye. Wajen masu binciken kaya kuwa bandar kifin da na yi wa Nuhu tsaraba ce ta tona ni. Da aka buɗe jakar, mutanen da ke bayana suka ja da baya. Jami'in ya toshe hanci, ya yi mini alama da hannu in rufe in wuce, bai ko duba sauran kayan ba.

Nuhu yana zaune a Darrasa, unguwar ɗalibai da shagunan littattafai, a hawa na shida na wani tsohon bene, su huɗu a ɗakuna biyu. Ranar farko na gane cewa Bamisire ba ya jiran mota ta tsaya kafin ya tsallaka titi, shiga yake yi tsakaninsu kamar mai ratsa garken shanu. Nuhu ya riƙe hannuna kamar makaho. Da safe wake ake ci, dafaffe luguf da mai da gurasa, sai wani ƙosai nasu da cikinsa kore ne. Da rana aka kawo kushari: shinkafa, taliya, makaroni, wake da soyayyar albasa duk a kwano ɗaya, kamar an share ɗakin ajiya an zuba a tukunya. Na raina shi da ido, amma kafin in baro ƙasar ni ke cewa a je a sayo.

Nuhu shi ne tafintana. Larabcinsa na littafi ne, in ya buɗe baki a kasuwa sai mai shago ya gyara tsayuwa kamar an fara huɗuba. Shi ya kai ni wani ofishin tafiye-tafiye a tsakiyar gari, wajen wani mai suna Wa'il, mutum mai fara'a da turare. Ya ba mu shayi, ya nuna mana hotunan Turawa a ƙarƙashin ruwa, ya ce kwana biyu kacal, in fito da katin shaida a hannuna, a kan kusan rabin abin da na yi tsammani. Na tambaya ko ana ganin likita. Ya taɓa damtsena ya ce mutum irina ba ya bukatar likita. Maganar ta yi mini daɗi, kuma da ranar na fito da kuɗi, da na biya.

Da muka koma gida, ɗaya daga cikin abokan zaman Nuhu ya ce kada in yi gaggawa, akwai wani dattijo a Ardul Liwa da ya kamata in gani. Washegari muka hau metro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, muka sauka muka shiga ƙaramar bas, muka ratsa lunguna cike da 'yan Sudan da Habasha, har muka iske shi a gaban wani ɗan shago yana gyaran risho. Baba Usman sunansa, Bahaushen Sudan ne, kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa zai je Makka, bai ƙarasa ba. Hausarsa tsohuwa ce mai daɗi, gauraye da Larabci. Shekara ashirin ya yi a bakin Bahar Maliya yana cika tulunan iska a jiragen masu nutso. Da ya tashi ɗauko mana kujera na ga yana jan ƙafar hagu.

Ya lura na gani. Ya ce wannan ƙafar malamarsa ce. Yana saurayi ya nutsa ya kwance ƙugiyar jirgi da ta maƙale, ya daɗe a zurfi, ya taso da sauri don maigidansa na jira. Kafin la'asar ƙafar ta mutu, kuma babu iskar asibiti a jirgin, garin da ke da na'urar jinyar irin wannan ciwo yana da nisa. Na ba shi labarin Wa'il. Bai zage shi ba, sai ya ce in koma in tambaye shi ɗalibai nawa malami ɗaya ke shiga ruwa da su, in ce ya nuna mini katin malamin in ga ko wa'adin katin bai ƙare ba, in kuma tambayi ko akwai iskar asibiti a jirgi. Ya ce duk inda na je in duba wuyan tulu, akwai hatimin ranar da aka gwada shi, in buɗe kaɗan in shinshina, in na ji warin mai ko hayaƙi in ajiye musu kayansu.

"Ɗana," ya ce, "araha ba laifi ba ce. A rage maka kuɗin otal, a rage maka kuɗin mota, duk ka karɓa. Amma kada ka yarda a rage maka kwanakin koyo."

Muka koma wajen Wa'il. A tambaya ta farko ya ce ɗalibai ba sa wuce goma ko sha biyu, kuma duk ana lura da su. A ta biyu ya ce katin malamin yana can bakin teku. A ta uku ya ce shekararsa nawa a harkar nan ba a taɓa samun matsala ba, sannan ya ƙara rage farashi. Wannan ragin ne ya kore ni. Na san halin kasuwa, mai kifin da ya fara rage maka tun ba ka taya ba, kifin ya kwana.

Baba Usman ne ya haɗa mu da Kaftin Huda. A can duk mai koyar da wasan motsa jiki kaftin ake ce masa, mace ko namiji. Ofishinta ɗan ƙarami ne a wajen Ma'adi, ita kuma gajeruwa ce, ta kai shekara arba'in da 'yan kai, da ɗankwalinta, ba ta da yawan dariya. Ban gama jero tambayoyina ba ta zaro katinta ta ajiye a tebur, ta ce ba ta wuce ɗalibai huɗu. Tsarinta shi ne kwana biyu a Alƙahira, karatu da safe, wurin ninƙaya da rana, sannan kwana biyu a teku. Ta haka na tsira daga kuɗin otal na rabin kwanakin, tunda ina kwana wajen Nuhu. Kuɗinta ya fi na Wa'il, amma bai fi ƙarfin guzurina ba. Ta tambayi ranar jirgina, ta ƙirga da yatsu, ta ce dole in yi yini da kwana cur bayan nutson ƙarshe kafin in hau sama, kuma lissafin ya fita daidai: teku Talata da Laraba, Alhamis hanya, Juma'a da sassafe jirgi.

Ba zan ɓoye ba, da muka fito na ce wa Nuhu yaya zan koma Yauri in ce mace ce malamata. Ya ce ai ilimi ba ya tambayar wa ya ɗauko shi, ya fara jawo mini misalai daga tarihi, na ce ya isa haka.

Likitan da ta tura ni wajensa ya saurari ƙirjina, ya tambayi asma da sikila, ya leƙa kunnuwana ya ce akwai dauɗar da ta fi shekara a ciki. Aka wanke. Na fito titi na ji hayaniyar Alƙahira ta ninku, har na yi kewar dauɗar.

Mu huɗu ne ɗalibai: ni, da wasu Misirawa biyu mata da miji, da wani dogon injiniya mai suna Tamir. Nuhu yana gefe yana fassara mini abin da Turancina bai kamo ba. A ranar farko Kaftin ta busa balan-balan ta ce wannan huhunku ne. Ta ce iskar da mutum ya shaƙa daga tulu a zurfin mita goma, in ya riƙe ta ya taso sama, ninkuwa take yi, huhu kuwa ba ya ninkuwa, yagewa yake yi. Doka ta farko ke nan, kada a taɓa riƙe numfashi. Na gyaɗa kai kamar kowa. Amma ni tun ina ɗan shekara bakwai abin da aka koya mini shi ne kishiyar wannan: cika ƙirji, rufe baki, kada ka saki ko ɗigo sai ka ga rana.

A wurin ninƙaya kuwa na burge su. Da aka ce a yi iyo a gwada mu, na je na dawo sau biyu kafin Tamir ya kai ƙarshe. Na koyi haɗa kaya, ɗaura darma a ƙugu, fitar da ruwa daga gilashin fuska, da maganar hannu. Sau uku Kaftin ta ƙwanƙwasa mini gilashi tana nuna bakina, don ta ga kumfa ya daina fita. Da muka fito ta ce wa Nuhu ya gaya mini, a cikin ɗaliban nan huɗu ni ne na fi iya ruwa, kuma ni ne na fi ba ta tsoro. Na ɗauka yabo ne.

Litinin muka hau bas zuwa Gardaƙa, garin da Turawa ke kira Hurgada. Tafiya ce ta kusan yini, hamada a dama, teku a hagu, fim na ta ihu a talabijin ɗin motar. A shingayen hanya sojoji kan hau su duba takardu. A na biyu Nuhu ya laluba ya ga ya baro fasfonsa a aljihun wata riga, sai katin makaranta. Aka saukar da mu. Ya shiga bayani da Larabcinsa na malamai, hafsan ya tsaya yana kallonsa, can ya ce ya karanta masa wani abu daga Alƙur'ani. Nuhu ya gyara murya ya karanta. Hafsan ya mayar masa da katin da hannu biyu, ya ce ya sa shi a addu'a. Mutanen motar da suka fara tsaki suka koma ce masa ya shehi, wata tsohuwa har da ba shi lemo.

Masaukinmu ɗaki ne mai gado biyu a bayan kasuwa, ruwan famfonsa da ɗan gishiri-gishiri. Da safe a jirgin ruwa na duba wuyan tuluna, na shinshina iskar, na nemi a nuna mini koren akwatin iskar asibiti. Matuƙin ya ce wa Kaftin ina ta samo wannan sufeto.

Ku da kuka san kogin Neja, ku san cewa ba mu taɓa ganin ruwa ba. Mu a ƙasa da hannu muke gani. A can ina zurfin da ya fi dogon gini ina hango cikin jirgi a sama. Kifi ba ya gudun mutum. Wani mai kalar shuɗi da rawaya ya zo ya tsaya a gaban gilashina yana kallona, ni kuma Basarke, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Kaftin ta riga ta gargaɗe ni cewa a nan ko taɓawa ba a yi.

Talata lafiya lau. Laraba, a nutson ƙarshe, muna zurfin mita goma sha biyar muna tafiya a jere, Tamir yana gabana. Ya juya zai kalli wani abu, takalmin robarsa ya make ni a fuska. Abin numfashi ya fice daga bakina, gilashi ya goce, ruwan gishiri ya cika mini hanci da ido. Mun yi wannan darasi a Alƙahira fiye da sau goma, na san yadda ake lalubo bututun a mayar. Amma jikina bai tambaye ni ba. Na rufe baki gam, na buga ƙafa na nufi sama, kamar yadda na yi sau dubu a gida.

Ban yi nisa ba na ji an cafke ɗamarar ƙirjina an ja ni ƙasa. Kaftin ce. Ta danna mini hannu a ciki da ƙarfi har iska ta ɓalle daga bakina, ta cusa mini abin numfashinta na biyu, ta riƙe ni ido cikin ido har na daidaita. Muka taso a hankali, muka tsaya a inda ake tsayawa, sannan muka fito.

A jirgi ta sa aka ba ni iskar asibiti, ta yi ta tambayata ko ina jin ciwo a ƙirji, ko jiri, ko mutuwar hannu. Babu ko ɗaya. Sai da ta tabbata, sannan ta ce ba za ta sa hannu a takardata ba. Sauran ukun sun ci, ni sai na sake nutso biyu gobe, in kuma ban gyara ba, ba kati.

Raina ya ɓaci. Na ce wa Nuhu ya gaya mata gobe Alhamis, jirgina Juma'a da sassafe, in na shiga ruwa gobe ba zan cika yini da kwanan da ita da kanta ta faɗa ba. Ta ce ta sani, sai dai in ɗaga tafiyar. Na ce hutuna ya ƙare, mutanen gari sun haɗa kuɗi suna jira, kuma laifin Tamir ne. Nuhu ya fassara, na ga yana sassauta wasu kalmomin. Ta saurara har na gama.

"A koginku," ta ce, "ba Tamir ne zai buge ka ba. Reshe ne, ko igiya, ko hannun wanda ka je ɗaukowa. Kuma ba na nan."

Na koma bayan jirgi na zauna. Na san irin abin da take nufi, don na taɓa jin hannun mamaci ya naɗe mini wuya a cikin duhun ruwa, na kuma san yadda na taso ranar. Kafin mu iso gaɓa na ce wa Nuhu ya nemo lambar ofishin jirgin sama. Aka mayar da ni Litinin, da tara. Na buga wa shugabana a ofis, ya yi faɗansa, na ba shi haƙuri. Kaftin ba ta karɓi ko sisi a kan ƙarin ranar ba, kuɗin jirgin ruwa kawai na biya.

Alhamis mu biyu muka shiga, ni da ita. Ta koya mini wata dabara, duk lokacin da babu komai a bakina in riƙa yin ɗan sauti a maƙogwaro, don mai yin sauti ba ya iya riƙe numfashi. Sai ta shiga zolayata. Ina cikin kallon kifi ta zo ta baya ta zare mini gilashi. Ina gyarawa ta sa in cire abin baki. Sau nawa ta yi ban ƙirga ba. A karo na farko ƙafata ta motsa za ta buga, na tsayar da ita. Daga nan kuma sai na ji kumfa na fita da kansa, hannuna ya lalubo bututun ba tare da na yi tunani ba.

Da muka fito ta sa hannu. Tana miƙo mini takardar ta ce in sani wannan shaida ce ta nutso a ruwa mai haske, zuwa mita goma sha takwas, tare da aboki. Neman mutane a kogi mai laka wani karatu ne daban, kuma ko shi ba a yin sa mutum ɗaya. Ta rubuta mini abin da zan karanta gaba, ta ce kafin kowa ya taɓa tulunan da ke Yauri a kai su a gwada. Na ce mata na ji, kuma na yi mata alkawari.

Saura Nuhu. Kwana uku yana cikin jirgin nan da jallabiyarsa, riƙe da ƙarfe, bai bari ko yatsarsa ta taɓa ruwa ba. Shi ɗan Sarkawa ne a suna kawai, tun yana ƙarami aka kai shi makarantar allo a Zariya. Muna shirin tashi matuƙin ya miƙa masa gilashi da rigar da ke hana nutsewa, ya ce ba a zuwa Gardaƙa a koma haka. Ya ƙi, ya ce yana da alwala. Na ce ai ruwa ba ya karya ta. Da ƙyar ya sauka matakala uku, ni ina riƙe da ƙugunsa, ruwa ya kai masa ƙirji. Ya yi bisimilla ya tsoma fuska.

Na zaci zai ɗago nan take. Ya daɗe har sai da na girgiza shi. Ya ɗago yana haki, gemunsa na ɗigar ruwa, ya sake tsomawa. A karo na uku ya cire gilashin ya dube ni, idonsa ja.

"Yaya Bala," ya ce, "shekara bakwai ina karanta ayoyin teku, har jarrabawa na ci a kansu."

Matuƙin ya buga injin yana cewa yalla, yalla, wato mu tafi. Nuhu ya ɗaga masa hannu ya ce ya ɗan dakata, ya mayar da gilashin, ya sake sunkuyawa.